Inda Gwiwar Hannu Ta Ci Fenti

Kuɗin keke na biya, aka ba ni mota.
Fijo ce, shekararta goma sha tara a gindin ɓaure
bayan gidan Doña Ercilia, can gefen Tacuarembó.
Tayoyi huɗu sun durƙusa kamar masu neman gafara,
ciyawa ta ɓullo ta ƙasa tana gaida sitiyari.

Kaji uku muka kora daga kujerar baya.
Ɗaya ta bar ƙwai, na ce gyara ce.

Yanina 'yata ta tsaya, ta riƙe ƙugu:
Baba, shekara arba'in kana aski,
ka ajiye almakashi don ka ɗauko tsatsa?
Na ce wanda ya sayi rariya
ai ya san ruwa zai zuba.

Na tura ɗan yatsa a gindin ƙofa,
yatsa ya zarce ya ga rana.
Tsatsa ma'aikaciya ce, ba ta gaggawa,
ba ta hutun Lahadi, ba ta yajin aiki,
ta kama aiki tun gashina yana baƙi.
Yanzu mu biyu ne a kan ƙarfe ɗaya,
tana ci, ina kankarewa.

Wáshington mai walda, katanga ɗaya ta raba mu,
yakan shigo da fulas a hammata,
ƙoƙon mate ya zaga daga hannunsa zuwa nawa,
ya leƙa injin, ya ja tsaki:
Aníbal, wannan likkafani take nema.
Washegari sai ga shi da kafireto naɗe a jarida,
wai a bolar Paso de los Toros ya tsinto.

Noti ɗaya ya cinye mini kwana tara.
Na lallashe shi da mai, na gasa shi da wuta,
na zage shi har kakan kakansa.
Ran na goma ya juya ba gardama,
kamar tsohon da ya gama fushi.

Kuɗi kuwa, a bar zancen.
Araha ta shigo tana murmushi,
ta fita da kuɗin gyaran rufin ɗaki.
Har yau in ana ruwa, bokiti biyu muke kwana da su.

Sanyin Yuli ya zo ya tafi, ya sake zuwa.
Wata Talata, yatsuna sun ƙage,
na murɗa makulli don sabo kawai.
Ta yi tari.
Ta sake tari, ta tofar da gidan ɓera ta salansa,
ta kama rawar jiki, ta yi gurnani,
karnukan layi suka amsa.
Wáshington ya tsallako katanga da cokali a hannu.

Ban aika wa Doña Ercilia ba.
Ƙarar ce ta je ta kira ta.
Ta zo da sanda, ta buɗe ƙofar dama,
ta zauna kamar jiya ta sauka.
Ba ta ce uffan ba, sai ta miƙa hannu ta gabana
ta taɓa bakin tagar direba,
inda fenti ya goge, faɗin tafin hannu.
Nan Eleuterio yake ɗora gwiwar hannunsa, in ji ta,
har zuwa Rivera, ko ana zabga ruwa.

Na yi mata fenti shuɗi, shafi uku.
Wurin nan na kewaye shi da tef, na bar shi.
Gwiwar hannuna ba ta kai can ba,
mutumin dogo ne.

Har yau ba ta ribas.
Ran Lahadi mukan zaga unguwa ta hannun dama,
tsohuwa a gefena, Yanina a baya tana mita,
tana riƙe da ƙofa da igiya.